Mahaifinta ya ce a Mubi za ta yi karatu, ni kuwa hankalina bai kwanta ba

Assalamu alaikum Anti. Ni uwa ce, ina zaune a Agege, a nan aka kawo ni aure, a nan na haifi 'ya'yana duka. Babbar 'yata shekararta 18. Ta gama sakandare da sakamako mai kyau, ta zauna jarrabawar JAMB sau biyu tana neman karatun aikin jinya a nan Legas, ba ta samu ba. Yanzu tana gida, daga Islamiyya sai taya ni sana'a. Mahaifinta fataucin shanu yake yi, yana sarowa daga Mubi yana kawowa mayankar Oko-Oba da ke nan Agege. Da ya dawo daga tafiyar nan sai ya ce ya gama magana da mai masaukinsa na can, wani Alhaji da suka daɗe tare, zai samo mata gurbi a jami'ar jihar ko a kwalejin kimiyya da fasaha, kuma a gidansa za ta zauna. Ya ce ta fara da duk kwas ɗin da aka samu, daga baya a canza mata. Anti, mu asalinmu Kano ne, ba mu da kowa a Adamawa. Yarinyar nan ba ta taɓa wuce Kano ba, can ɗin ma sai da biki ko rasuwa. Ni abin da na sani game da Mubi shi ne duwatsu da bakin iyaka da Boko Haram. Sannan Alhajin yana da samari a gida, kuma na taɓa jin mahaifinta cikin raha yana cewa zai haɗa zumunci da shi. Da na nuna damuwa sai ya ce ni ce ke hana ta karatu, alhali ni na fi kowa matsa masa a kan karatun nan. Ita kuma ta ce ko ina ne za ta je, ta gaji da zaman gida. In hana ne, ko in sa albarka?

Wata uwa, daga Agege

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya raya mana su, Ya yi musu albarka.

Kada ki hana, kada kuma ki sa albarka a kan abin yadda aka kawo miki shi. Abubuwan da ya kamata su tsaya miki a rai su ne gurbin da babu wanda ya ga takardarsa, da kwas ɗin da aka ce wai daga baya a canza, da gidan da za a ajiye ta. Ke kuwa da kika tashi nuna damuwa, ga dukkan alamu batun nisa da duwatsu da Boko Haram kika kama, wato daidai wurin da maigidanki ya fi ki ƙarfi. Shi ya san garin, yana kwana yana tashi a cikinsa, ya ci kasuwa ya dawo lafiya. Ke labari kika ji. Duk ranar da kuka yi gardama a kan Mubi shi zai yi nasara, kuma yana yin nasara sauran batutuwan za su bi ruwa, a ɗaure kaya a tafi da yarinya ba a taɓa su ba.

Mubi gari ne na kasuwa, bayan Yola shi ake lissafawa a Adamawa, har ƙananan hukumomi biyu ne, Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu. Yana gindin duwatsun Mandara da suka raba mu da Kamaru, kogin Yedzaram ya ratsa ta cikinsa. Da can ma ba a cikin Najeriya yake ba. Jamusawa ne suka riƙe yankin, bayan yaƙin duniya na farko ya koma hannun Ingila a matsayin amana, sai a ƙuri'ar raba-gardama ta 1961 mutanen wurin suka zaɓi zama a Najeriya, aka yi Lardin Sardauna, Mubi ce hedikwatarsa. Garin da ya yi irin wannan rayuwa ya daɗe da sabawa da baƙo. Fali da Gude da Fulani da Margi da Higi da Hausawa 'yan kasuwa, Musulmi da Kirista, kasuwa ɗaya suke ci, da Hausa da Fulatanci ake ciniki. Yarinyar da ta tashi a Agege, tana jin Yarabanci, ta zauna aji ɗaya da kowane yare, ba za ta ji baƙunta kamar yadda kike tsoro ba. Za a ɗan yi mata dariyar Hausarta ta 'yan Ikko, amma su ma tasu ba ta Kano ba ce, don haka babu mai yi wa wani gori.

Tsoronki na tsaro kuwa yana da tushe, kada wani ya mayar da shi tsoron mata. A daren 1 ga Oktoba 2012 'yan bindiga suka shiga unguwar Wuro Patuji, inda ɗalibai ke kama haya a wajen makaranta, suka kashe mutum fiye da 20, yawancinsu ɗalibai. A ƙarshen Oktoban 2014 Boko Haram ta kama garin ɗungurungum har ta sauya masa suna, jama'a suka watse, wasu Yola, wasu kan duwatsu, wasu Kamaru, makarantu suka rufe. A watan Nuwamba sojoji da mafarauta da 'yan banga suka ƙwato shi. A Nuwamban 2017 aka tayar da bam a wani masallaci lokacin sallar asuba, kusan mutum 50 suka rasu, aka sake kai wani harin masallaci da kasuwa a Mayun 2018. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Duk wannan ya faru, kuma mutanen garin ba su manta ba.

Amma shekaru sun shuɗe tun daga nan. Kasuwa ta dawo, tiken shanun da maigidanki ke zuwa yana ci, makarantu suna ɗaukar ɗalibai suna yaye su. Inda ake ci gaba da jin labarin hari jefi-jefi shi ne ƙauyukan wajen Madagali da wasu na Hong, waɗanda ke kusa da iyakar Borno da dajin Sambisa. Ma'anar wannan ga ɗaliba ita ce: ba ta bin ƙawaye yawon ƙauye, ba ta tafiyar dare a hanyar Yola, kuma a san takamaimai inda take kwana. Mu nan Legas ma mun ga rikicin Idi-Araba a 2002, mun ga na Mile 12 a 2016. Ba ina cewa duk ɗaya ba ne, wancan yaƙi ne, wannan rikicin unguwa. Ina tuna miki ne kawai cewa da kanki kin rene ta a garin da mutanen Kano ke jin tsoro daga nesa, kuma kin san yadda labari yake kumbura kafin ya isa.

Makarantun suna nan, kuma ba na jiya ba ne. Kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, wadda kowa ke kira Poli, tun 1979 aka kafa ta. Jami'ar Jihar Adamawa ta fara a 2002. Akwai kwalejin koyon aikin lafiya ta jiha a yankin, akwai kwalejin ilimi a Hong a kan hanyar Yola, a Yola kuma ga Jami'ar Modibbo Adama da kwalejin jinya da ungozoma ta jiha. Wanda ke son noma da kiwo, ko kimiyya, ko koyarwa, ko harkar kasuwanci da mulki, zai sami abin karantawa a Mubi, kuma rayuwa a can ba ta cin kuɗi kamar Legas.

Sai dai 'yarki jinya ta nema har sau biyu. A nan ne maganar "ta fara da kowane kwas, daga baya a canza" ta dame ni, don ita ce maganar da ta fi cinye wa yaranmu shekaru. Makaranta ba ta mayar da ɗalibi kwas ɗin da ba ta da shi. Inda ma take da shi, jinya ba a shigarta ta taga: hukumar jinya da ungozoma ta ƙasa ce ke ƙayyade wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta ɗauka, kuma guraben sukan cika tun daga shekarar farko da waɗanda suka shigo ta ƙofa. Wadda ta yi difloma a Poli, ko da a fannin ɗakin gwaje-gwaje ne, takardarta ba ta ba ta lasisin jinya. Wadda ta yi kwalejin koyon aikin lafiya takan fito ma'aikaciyar lafiyar al'umma, irin waɗanda ke riƙe ƙananan asibitocin unguwa da ƙauye. Aiki ne mai daraja kuma ana buƙatarsa ƙwarai, amma hukumarsu daban, lasisinsu daban, matsayinsu a asibiti daban da na nas. Duk wanda ya ce miki ai duk ɗaya ne, bai tambaya ba.

Ga shi kuma an ce miki "jami'a ko Poli", kamar zaɓi tsakanin shinkafa da taliya. Jami'a shekara huɗu ce a yawancin fannoni, a fito da digiri. Poli shekara biyu ce a karɓi ƙaramar difloma, a fita shekara ɗaya koyon aiki, a sake neman gurbi a yi wasu biyun kafin babbar difloma, sannan a je bautar ƙasa. Kowanne yana da amfaninsa. Amma in har mutumin da zai samo gurbin bai iya faɗin wace makaranta ce da wane kwas ba, to babu gurbi tukuna, alkawari ne kawai tsakanin aminai.

Kuma gurbi yanzu ba a samo shi a aljihu. Tun 2017 JAMB ta fito da tsarin da ake kira CAPS, wanda duk wata jami'a da Poli da kwalejin ilimi dole ta bi ta cikinsa kafin ta ɗauki ɗalibi. Makaranta ta tura sunan, JAMB ta amince, yarinya ta shiga shafinta a waya ta ga sunan makaranta da kwas, ta danna ta karɓa, ta fitar da takardar JAMB. JAMB ta sha nanata cewa duk gurbin da bai bi ta nan ba haramtacce ne. Wanda sunansa bai shiga rajistarsu ba zai iya gama shekarunsa duka, a zo tafiya bautar ƙasa a nemi sunansa a rasa. Ba ina zargin Alhajin Mubi ba ne, mai yiwuwa da zuciya ɗaya yake son taimakon amininsa, mai yiwuwa ma ya san malaman da za su duba mata takardu su faɗa masa gaskiya. Iyakar abin da sanayya za ta yi ke nan. Sakamakon JAMB na shekara ɗaya ne. In na bana ne a hannunta kuma ba a rufe ɗaukar ɗalibai ba, sai ta je cibiyar da JAMB ta amince da ita ta canza makaranta da kwas, ta cika fom ɗin tantancewa na makarantar. In na bara ne, ya mutu, sai an sake zama. Kundin JAMB yana intanet, yana nuna kowace makaranta da kwasa-kwasan da aka amince mata. Ita yarinyar za ta iya dubawa a wayarki yau ɗin nan.

Bari in ɗan ratse zuwa dalilin da ya sa Legas take wa yaranmu wuya, don mutane da yawa suna ɗauka rashin ƙoƙari ne ko ƙiyayya. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe kashi uku: 45 cikin 100 ga masu maki mafi yawa ko daga ina suke, 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 ga jihohin da aka ɗauka an bar su a baya a karatun boko. A Jami'ar Legas da ke Akoka wancan kashi 35 na jihohin Yarabawa ne. Yarinyar da aka haifa a Agege, ubanta ma watakila a nan ya girma, a takarda 'yar Kano ce. Kano tana cikin jerin masu kashi 20, amma jihohi sama da 20 ne ke rabon wannan ɗan kason, kuma jinya tana cikin kwasa-kwasan da aka fi rububi. Jami'ar jiha da ke Ojo kuwa 'yan asalin Legas take fara dubawa, kamar yadda kowace jami'ar jiha take yi wa nata. To ki lura: a Mubi ma haka ne. Jami'ar ta jihar Adamawa ce, 'yarki baƙuwa ce a can kamar yadda take baƙuwa a Ojo, kuma jami'o'in jihohi sukan caji wanda ba ɗan jiha ba fiye da ɗan gida. Wurin da takardar asalinta take da nauyi shi ne Kano. Jami'ar Bayero tana da digirin jinya, ga asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, ga kwalejin jinya da ungozoma ta jiha mai rassa a cikin birni da Madobi da Ɗambatta. Kuma a can kuna da dangi. A nan gida ma akwai makarantar jinya ta asibitin koyarwa da ke Idi-Araba da ta jiha da ke Igando, in dai digirin jami'a kaɗai ta yi ta nema a shekaru biyun nan. In jinya ake so da gaske kuma an yarda ta tafi arewa, Kano ta fi Mubi ma'ana nesa ba kusa ba. Ki tabbatar ma tana da takardar shaidar ƙaramar hukumarku, don yaran Legas da yawa sai ranar rajista ake gane ba su da ita.

Yanzu ga abin da na fi so ki tsaya a kansa, ko da duk sauran sun daidaita: zama a gidan Alhaji. A ganina kada a yi.

Ko babu maganar aure, budurwa 'yar shekara 18 ta zauna shekara huɗu a gidan da akwai samarin da ba muharramanta ba, wannan kaɗai ya isa uba ya sake tunani, kuma na san maigidanki ya san hukuncin. Bayan haka akwai abin da mu mata muka sani, maza ba su cika gani ba. Yarinyar da aka ajiye a gidan mutane ba ta da ikon cewa tana da jarrabawa gobe in an ɗora tukunya. Watan farko baƙuwa ce, a wata na uku ita ce mai wanke-wanke da raino, kuma ba don mugunta ba, haka zaman gida yake. In ta dawo daga lacca da magariba, a tambayi inda ta tsaya. In ta yi waya ta yi dariya, a ce 'yar Legas ce, idonta a buɗe yake. In matan gidan biyu ne, duk wadda ta fi sakewa da ita ta zama abokiyar gabar ɗayar. Kuma ba za ta faɗa miki ba, don ta san ita ta ce ko ina ne za ta je, ta kuma san abincin gidanku yana da alaƙa da mutumin.

Wannan alaƙar ita ce hujjar da za ki kai wa maigida, don da harshensa take magana. Fataucin shanu a kan amana da bashi yake tafiya: a loda mota a can, kuɗi su biyo baya in an sayar a nan. Ranar da lissafi ya rikice tsakaninsu, kuma ciniki ba ya rasa irin wannan rana, 'yarsa tana cikin gidan mutumin da suke jayayya da shi. Ranar kuma da aka sami saɓani a kan yarinyar, ko da ƙaramin tsegumi ne na mata, cinikin shekaru ne zai girgiza. Haɗa 'ya da jari a hannun mutum ɗaya ba dabara ba ce, ko da mutumin waliyyi ne.

Maganar haɗa zumunci kuwa, kada ki bar ta a matsayin raha, kada kuma ki mayar da ita tuhuma. Ki tambaye shi kai tsaye, cikin natsuwa, ku biyu: Malam, akwai maganar aure a ciki ne? In akwai, ba laifi ba ne uba ya yi wa 'yarsa sha'awar gidan mutunci. Sai a fito da ita fili, yaron ya zo ta ƙofa, a bincika shi, ita ma ta gan shi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a nemi izinin budurwa kafin a aurar da ita. Yarinyar da ta shekara biyu tana cin tuwon gida, uwar yaron tana kiranta 'yata, uban yana ba ta kuɗin mota, in aka tambaye ta za ta yi shiru, a ce ta yarda, alhali kunya ce da nauyin alheri suka rufe mata baki. In ma da gaske ana son auren, zamanta a gidan shi zai fi ɓata shi.

Mafita tana nan wadda ba za ta kunyata kowa ba. Ta zauna a ɗakin kwanan ɗalibai mata na cikin makaranta, inda akwai katanga da mai gadi da lokacin rufe ƙofa, Alhaji kuma ya zama uba mai sa ido: a rubuta sunansa a matsayin wanda za a kira in wani abu ya taso, ta je ta gaishe da iyalinsa ranar hutu, in ba ta da lafiya matarsa ta leƙa ta. Samun irin wannan mutum a garin da ba ku da kowa babbar ni'ima ce, kada ki raina ta. Ɗakunan makarantun gwamnati ba sa isar ɗalibai, don haka ana karɓar gurbi sai a nemi gado a biya, ba a jira sai an isa. In bai samu ba, a jinkirta tafiyar har ya samu, ko a nemi gidan haya na mata zalla kusa da makaranta wanda ke da kanki kika gani.

Na ce ke da kanki, don ina so ki je. Maigidanki ba ya biyan kuɗin sa don an siffanta masa shi a waya, sai ya zagaya shi ya duba haƙori da ƙafa. Ki roƙe shi wannan haƙƙin a kan 'yarki. Ki bi shi tafiya ɗaya, ki ga makarantar, ki shiga ɗakin kwanan, ki ga inda suke ɗebo ruwa da banɗakinsu, ki gaisa da matan Alhaji ki karanci fuskokinsu. Tafiyar kanta za ta koya miki wani abu. Daga Legas zuwa Mubi ya haura kilomita 1,500, kwana biyu ne a mota in an yi sa'a. Ko jirgi aka hau aka sauka Yola, saura kusan kilomita 200 ta Song da Gombi da Hong. Wato ba za ta zo gida ba sai babban hutu, in kuma yajin aiki ya taso, irin na malaman jami'o'i da ya ɗauki wata takwas a 2022, a san kuɗin motar dawowarta yana ajiye. Hunturun can busasshe ne mai fasa leɓe da ƙafa, zafin bazara kuma ba irin na bakin teku ba ne. In tana da asma a yi shiri, a kuma yi mata rigakafin sanƙarau.

Ta fuskar kuɗi, tun 2024 akwai bashin karatu na gwamnatin tarayya, NELFUND, ga ɗaliban makarantun gwamnati. Babu ruwa a cikinsa, ana biyan kuɗin makaranta kai tsaye, ana ba ɗalibi naira 20,000 a wata, biya kuma sai shekara biyu bayan bautar ƙasa. Shi ma sai da lambar JAMB da takardar gurbi ake nemansa.

Ita kuma yarinyar, "ko ina ne zan je" ba zaɓi ba ne, gajiya ce. Ƙawayenta sun shiga shekara ta biyu, ita tana ƙulla kaya a leda, kowa ya zo gidan sai ya tambaya har yanzu shiru. Ki zaunar da ita ba a gaban mahaifinta ba, ki tambaye ta: jinyar ce take so har ranta, ko ke da ƙawaye kuka sa mata ita? In ta ce ita fa asibiti take so, to ki faɗa mata gaskiya, tafiya ta karanta wani abu dabam ba za ta kai ta can ba, gara ta ƙara shekara ɗaya ta nemi Kano. In kuwa ta ce dama kwamfuta ko lissafin kuɗi ko koyarwa sun fi kwanta mata, to Mubi ta zama wurin da za a duba da gaske, kuma a lokacin ki sa albarka da zuciya ɗaya. Ki sanar da ita maganar zumuncin nan ma. Shekararta 18, bai kamata ta zama ita kaɗai ce ba ta san abin da ake raha a kansa ba.

Da maigida kuma, ki fara da godiya, don ya cancance ta. Iyaye maza nawa ne a unguwarku suke tafiya fatauci suna tunanin makarantar 'ya mace? Kalmar "ke ce ke hana ta karatu" ta yi miki zafi, na sani, amma maganar mutumin da ya zo da abin da yake ganin albishir ne aka tare shi da tsoro. Kada ki ce masa ba ki yarda da Alhaji ba. Ki ce kin yarda ta tafi, ga abin da kike roƙo: a ga sunan makaranta da kwas a shafin JAMB, ta kwana a makaranta, ki raka ta. Ku yi istihara ku duka uku. In ya kafe a kan gidan Alhaji, kada ki kai ƙara wurin danginki, zai ga an taru a kansa. Ki nemi yayansa ko malamin da yake jin nauyinsa, ki kai maganar muharrami da ta izinin budurwa kaɗai, sauran ki bar su.

Kafin a gama duk wannan, kada ta zauna jiran hukunci. Rajistar JAMB a 'yan shekarun nan tsakanin Janairu da Maris ake yin ta, jarrabawa wajen Afrilu, kuma sai da lambar NIN ta shaidar ɗan ƙasa. Mai neman jinya Turanci da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji za ta rubuta. Ki duba sakamakonta biyun da suka wuce ki ga wanne ne yake ja mata baya, ki sa ta darasi a kansa tun yanzu, ki rage mata aikin sana'ar da safe. Kuɗin fom ɗin kuwa, in da hali, ki fitar daga cinikinki, don kada a rufe rajista ana nan ana jiran maigida ya dawo daga Mubi.